Gani Ya Kori Ji: Filtar Mai Hoto da Sha'anin Amana

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Abin da suke nufi shi ne, labarin da aka ba ka yana iya zuwa da ƙari ko ragi, amma abin da idonka ya gane maka ba ka neman shaida a kansa. Tun da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris cikin shekarar 1839, sai mutane suka ɗauki wannan yarda da suke yi wa ido suka ɗora wa hoto. Alƙali yakan karɓe shi a matsayin shaida, jarida takan buga shi don ta rufe bakin mai musu, mai neman aure ma wani lokaci a hoto yake fara ganin wadda zai nema.

To, amma akwai wani ɗan gilashi, faɗinsa bai fi murfin gwangwanin madara ba, wanda masu hoto suke ɗaurawa a bakin idon kyamara, suna kiransa filta. Da shi sukan mai da sararin sama baƙi da rana tsaka, su kashe ƙyallin ruwa, ko su kwashe masu wucewa kaf daga kan titi ba tare da an kori kowa ba. Tambayar da nake so mu duba a wannan 'yar maƙala ita ce: wanda ya ɗaura filta ya ɗauki hoto ya nuna mana, ƙarya ya yi mana ko kuwa? Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gilashin kansa ba shi da laifi ba shi da lada. Hukuncin yana ga amanar da ke tsakanin mai ɗauka da mai kallo, watau abin da mai kallo ya ɗauka ana nuna masa, da abin da aka ɓoye masa bai sani ba.

Yadda filta take aiki

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san abin da muke hukuntawa. Filta rariya ce ta haske. Rariya kuwa ba ta taɓa ƙara gari a ƙwarya, iyakarta ta bar wani ya wuce ta riƙe wani. Hasken rana da muke gani fari, tarin launuka ne a haɗe. Jar filta takan bar ja ya wuce ta tare shuɗi da kore, saboda haka a hoton baƙi-da-fari sai sararin sama ya fito baƙi, farin gajimare ya tsaya fes a kansa. Rawayar filta haka take yi, sai dai da sauƙi. Da yake ana tare wani haske, tilas a biya diyya: mai ɗaura rawaya mai lamba 8 sai ya ninka hasken da ke shiga sau 2, mai ɗaura ja mai lamba 25 kuwa sau 8. Waɗannan lambobi sun samo asali daga wani Baturen Ingila, Frederick Wratten, wanda kamfanin Kodak ya sayi masana'antarsa a 1912.

Akwai kuma filta mai kashe ƙyalli. Hasken da ya daki ruwa ko tagar gilashi ya dawo yakan jeru ta fuska guda, ita kuma wannan filta, in aka juya ta daidai, sai ta tare shi, a ga duwatsun da ke ƙarƙashin rafi ko fuskar wanda ke zaune cikin mota. Edwin Land na Amurka, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, shi ne ya fito da hanyar yin irinta da araha. Sa'an nan ga baƙar filta wadda ba ta zaɓen launi, aikinta dushe haske kawai. Wata mai ƙarfi a cikinsu takan rage haske sau 1,024, har hoton da ake ɗauka cikin kashi ɗaya bisa 30 na daƙiƙa ya koma yana cin sama da rabin minti. A cikin wannan lokaci duk abin da ke tafiya ba ya barin sawu, sai abin da ke tsaye. Ta ƙarshe ita ce farar filta wadda galibi don kare idon kyamara ake ɗaura ta, wadda duk mai hoton da ya taɓa fita aiki cikin ƙurar hunturu ya san amfaninta.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan ragi suke yi. Saboda haka zaɓen filta zaɓe ne na abin da za a hana mai kallo gani. Wannan kuwa shi ya fitar da maganar daga ɗakin masu hoto ya kawo ta fagen ɗa'a.

Masu cewa a bar kyamara tsirara

Wasu suna ganin an huta da gardama in aka ce kada a ɗaura kome, a bar kyamara ta faɗi abin da ta gani. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba, domin kyamara ba ta taɓa gani irin ganin mutum ba. Farantan gilashin da aka yi aiki da su a tsakiyar ƙarni na 19 shuɗi kaɗai suke ji sosai, ja kuwa kamar babu shi. Sakamakon haka sararin sama yakan fito fari fat babu gajimare, jan abu kuma ya fito baƙi. Wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, da ya so ya nuna teku da gajimarenta a wajen 1857, sai da ya ɗauki ruwa daban, sama daban, ya haɗa su wajen wanki. Ko da aka fara sayar da farantan da ke jin dukkan launuka a 1906, shuɗi bai daina rinjaye ba, shi ya sa rawayar filta ta zama abokiyar tafiyar masu hoto. A nan wanda ya ɗaura filta shi ne ya fi kusa da abin da ido ya gani. Haka kuma jan barkono a cikin koren ganye: a hoton baƙi-da-fari suna iya fitowa toka-toka iri ɗaya, sai filta ce za ta raba su kamar yadda ido ya raba.

Hoto mai launi kuwa da filta aka haife shi. A 1861 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya nuna wa jama'a a Landan hoton wani ƙyalle da aka ɗauka sau uku, ta jar filta da koriya da shuɗiya, aka haska su wuri guda launi ya fito. Yawancin kyamarorin dijital, har da na wayoyin da ke aljihunmu, suna ɗauke da wata shimfiɗar ƙananan filtoci a cikinsu, bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Kowane ɗigo launi ɗaya yake gani, sauran biyun kwamfutar cikin kyamara ce take ƙiyasta su. Watau ke nan wanda ya yi alfahari cewa hotonsa ba filta, bai cire filta ba, ya dai bar wani ya zaɓa masa.

Wannan zaɓe na masana'anta kuwa ba kullum yake yi wa kowa adalci ba. Tun daga shekarun 1950 Kodak yakan aika wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, don su daidaita launin injinansu da fatarta. An daɗe ana haka kafin a fito da katin da ke ɗauke da mata masu fata iri-iri a shekarun 1990. Baƙar fata da yawa sun sha ganin fuskokinsu sun dushe a hoto, suna zaton haka Allah ya yi su, alhali ma'auni ne aka yanka ba da su ba. Ashe barin kyamara tsirara ba ya wanke mai hoto daga alhaki.

Masu cewa kome ya halatta

Da jin wannan sai wasu su tsallaka ɗaya gefen, su ce tun da babu hoton da bai bi ta rariya ba, to, babu hoton gaskiya babu na ƙarya, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan ma ban yarda da shi ba. Duk maganar da ɗan Adam zai yi zaɓen kalmomi ce, ba mai iya faɗin kome da kome, amma wannan bai hana mu bambanta mai gaskiya da maƙaryaci ba. Bari mu duba misalai uku.

A watan Afrilun 1927 Ansel Adams, yana ɗan shekara 25, ya hau duwatsun Yosemite a Kaliforniya don ya ɗauki wani gawurtaccen dutse da ake kira Half Dome. Faranti biyu suka rage masa. Ya ɗauki na farko da rawayar filta, sai ya lura cewa hoton zai fito daidai amma ba zai ɗauko kwarjinin da ya ji a zuciyarsa ba. Sai ya ɗaura ja mai duhu ya ɗauki na ƙarshe, sama ta fito kusan baƙa ƙirin. A ranar sama ba baƙa ba ce. Duk da haka ba na kiransa maƙaryaci, domin a matsayin aikin fasaha ya gabatar da hoton, bai ɓoye yadda ya yi ba, hasali ma ya riƙa ba da labarin yana koyar da ɗalibai. Babu wanda ya yi asarar kome don ya gaskata baƙin wannan sama.

Na biyu shi ne Richard Mosse, mutumin Ayalan, wanda ya fara ɗaukar yaƙin gabashin Kwango a 2010. Ya yi aiki da wani filim mai suna Aerochrome, wanda asalinsa sojoji ne suke amfani da irinsa don gano makaman da aka ɓoye a daji, domin ɗanyen ganye yana mai da wani haske da ido ba ya gani, koren fenti kuwa ba ya mayarwa haka. Da rawayar filta ake ɗaukar wannan filim, ciyawa da itatuwa su fito ja ko ruwan hoda. Wasu sun zarge shi da yi wa yaƙi kwalliya, kuma zargi ne da ya cancanci a saurara. Amma ba a ce ya yaudari kowa ba, gama babu mai hankalin da zai zaci dajin Kwango ruwan hoda ne. Sauyin ya fito fili har ya zama shi ne yake shelar kansa.

Na uku ya fi su sauƙin launi, amma a ganina ya fi su nauyi. A fim ɗin Traffic na shekarar 2000, Steven Soderbergh ya rina sassan da suka faru a Meziko da rawaya mai ƙura, don masu kallo su bambanta labaran da ke cikin fim ɗin. Dalili ne na aiki. Sai dai daga baya abin ya zama al'ada a finafinan Amurka: da labari ya tsallaka zuwa ƙasar talakawa sai allo ya koma rawaya, kamar iskar wurin ba ta da tsabta. Da fim ɗin Extraction ya fito a 2020 yana nuna birnin Daka da wannan launi, mutanen Bangaladash da yawa sun koka, suna nuna hotunan garinsu da shuɗin samansa. Gaskiya ne yanzu galibin wannan rini a kwamfuta ake yinsa bayan ɗauka, amma ko a bakin kyamara aka yi ko a tebur, hukuncin ɗaya ne. Wannan rawaya ba ta kai ta ruwan hodar Mosse tsanani ba, shi ya sa mai kallo ba ya lura da ita, yana haɗiye ta a matsayin kamannin ƙasar. Daga nan na fahimci cewa ba girman sauyi ake aunawa ba. Ƙaramin sauyin da ya ɓuya ya fi babban da ya bayyana haɗari, musamman in akwai mutanen da za a raina saboda shi.

Ma'aunin da nake ba da shawara

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan matsala a babin ciniki. Mai sayar da akuya yana da damar ya wanke ta, ya kai ta kasuwa da kyan gani, ba wanda zai ce ya yi algus. Amma in ya ƙi tatsar ta kwana biyu don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, ya yi ha'inci, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayarwa. Duka biyu gyara ne aka yi wa kaya. Bambancin shi ne, wanka kowa ya san ana yi, kuma ba ya sauya abin da mai saye zai dogara da shi, cikar hantsa kuwa an shirya ta ne don ya yanke shawara a kan abin da babu.

Haka nake ganin sha'anin filta. Kowane hoto da alkawarin da yake ɗauke da shi, gwargwadon wurin da aka ajiye shi. Wanda aka rataya a zauren nunin fasaha cewa yake yi, ga yadda na ji. Wanda aka buga a shafin farko na jarida, ko aka miƙa wa kotu, ko aka saka a tallan gida, cewa yake yi, ga yadda abin yake. Alal misali, a ce mai hoto ya ɗaura baƙar filta ya ɗauki wata mararraba mai cunkoso har motoci da mutane suka ɓace. In don sha'awa ya yi, ya bi sawun Daguerre ne, wanda hotonsa na wani titin Faris a 1838 ya fito wayam saboda tsawon ɗauka, ba a ganin kowa sosai sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. In kuwa dillali ne ya sa shi don a nuna wa mai sayen gida cewa unguwar shiru take, ko kuwa jarida ce take so ta ce jama'a ba su fito taro ba, to, wannan gilashi guda ya zama kayan aikin zur. Haka filta mai kashe ƙyalli: injiniyan da ya leƙa ƙarƙashin ruwa da ita ya ƙaru da gaskiyar da ido bai ba shi ba, wanda kuwa ya leƙa ta tagar mutane da ita ya keta sirrin da ƙyallin yake rufewa.

Saboda haka kafin mutum ya murɗa filta a bakin kyamararsa, ina ganin ya tambayi kansa: me nake tarewa, kuma wa zai dogara da rashinsa? Sa'an nan ya gwada wannan: zan iya tsayawa kusa da hoton in gaya wa mai kallo abin da na ɗaura, hoton ya ci gaba da yin aikin da na nufe shi da shi? Adams zai iya, Mosse zai iya. Dillalin nan ba zai iya ba, domin da ya faɗa cinikin ya watse. Duk filtar da amfaninta ya rataya ga jahilcin mai kallo, ita ce ta ha'inci.

Inda maganar ta yi wuya

Ba zan ce wannan ma'auni ya share kowace matsala ba. Mafi wuya ita ce ta fuskar mutum. Tun zamanin da masu finafinan Hollywood suke sa siririn ƙyalle a gaban kyamara don su tausasa fuskar 'yan wasa, har zuwa filtocin da Instagram ya yaɗa tun daga 2010, mutum yana son a nuna shi da kyau. Amarya ta ce wa mai hoto ya tausasa mata ƙurajen da suka fito mata ranar biki. Wa ta cuta? A ganina ba kowa. Sutura ce, kuma rufa wa mutum abin da ba ya son a gani hali ne na kirki. Ƙurji baƙo ne, gobe zai tafi, ba shi ne ita ba.

Amma akwai iyaka. In filtar ta wuce ƙurji ta kama launin fata tana haskakawa, ta rage hanci, to, ba aibi take rufewa ba, tana koya wa mai fuskar ne cewa halittarta ita ce aibin. A 2017 sai da masu manhajar FaceApp suka nemi gafara saboda filtarsu ta ƙara kyau tana mai da baƙar fata fari. Ga kuma ƙanwar amarya da ke kallon hotuna ɗari irin wannan a rana, tana auna su da abin da madubi ke nuna mata. Kowane hoto shi kaɗai bai yi ƙarya mai yawa ba, amma taruwarsu ta yi, kuma da wuya a nuna mutum guda a ce shi ne mai laifi. Ƙasar Faransa a 2017 da Norwe a 2022 sun fara aiki da dokar cewa tallan da aka sauya surar jikin mutum a cikinsa tilas a rubuta a jikinsa cewa an gyara. Ba su hana gyaran ba, ɓoyewar suka hana, wannan kuwa ya yi daidai da abin da muka faɗa a baya. Sai dai doka talla kaɗai take iya kamawa. Hoton da muke aika wa junanmu, wannan ya rage tsakanin mutum da zuciyarsa.

Kammalawa

Ga ɗan'uwa ɗalibi mai sha'awar wannan sana'a, ba ina cewa ya guji filta ba ne. Ya sayi farar don ƙura, ya sayi mai kashe ƙyalli domin aikinta ba ya samuwa a kwamfuta bayan an ɗauka, in yana son baƙi-da-fari ya fara da rawaya kafin ja. Ya koyi abin da kowace take tarewa har ya iya faɗa da ka, domin wanda bai san abin da ya rage ba ba zai iya ba da bayaninsa ba in an tambaye shi. Abin da nake roƙo shi ne ya san wurin da hotonsa zai je, da alkawarin da wurin yake ɗauka a madadinsa.

Ga mu masu kallo kuma, karin maganar da ke kan wannan maƙala tana bukatar sharaɗi. Ganin da ya kori ji shi ne wanda mutum ya yi da idonsa. Hoto kuwa ganin wani ne ya ba mu aro, saboda haka matsayinsa matsayin labari ne, a tambayi wanda ya kawo shi, da abin da ya sa ya kawo, da abin da ya bari a baya. Malamanmu na tarihi ba sa karɓar ruwaya sai sun san mai ruwaya, bai kamata mu karɓi hoto da arha fiye da haka ba. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana a abin da muke faɗa da abin da muke nunawa, amin.